Yadda Na Kare Shafin Ofishinmu

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Sabuwar ƙa'ida ta ce duk shafin intanet na gwamnati da jama'a ba sa shiga, a rufe shi, a daina kashe masa kuɗi. A taron ofishinmu na Jabi na miƙe na kare namu.

"Ranka ya daɗe, kullum ana shiga, na tabbatar!"

Darakta ya ce wa mai kula da shafin, "Madam Rifkatu, duba mana."

Ta duba, ta dube ni. "Oga, ai kwamfuta ɗaya ce. Ta Sadiku."

Innalillahi! Ni nake buɗe shi kowace safiya ina neman kuskuren rubutu!

Darakta ya cire tabarau. "Sadiku, ashe kai ne jama'ar? A rufe."