Kaset ɗin Laminu da bas ɗin da ya ƙi tashi

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Laminu makwancinsa a bayan garin Arlit, kuma har yau in na ji an ce wani baƙo yana cigiyar abin da ya bari, sai na gyara zama. Saurin yarda ba halina ba ne. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan haƙar uraniyom a garin nan ya ga baƙi iri-iri. Wasu da na'urar awo suke zuwa, wasu da tambayoyi, wasu da murmushi kawai. Kowa ya samu abin da ya zo nema sai ya kama hanyar Agadas, ba ma sake jin ɗuriyarsa.

Ni Idi ne, mutumin Tawa. Laminu mutumin Tasawa ne, ma'aikacin lantarki. Neman abinci ya haɗa mu a nan, muka zauna ɗaki ɗaya tun kafin kowannenmu ya yi aure. Mutum ne mai hannu, duk abin da ya mutu in ya taɓa shi sai ya tashi, amma ban taɓa ganin sarkin makara irinsa ba. Dokar aikina ita ce bas ba ya jiran kowa. Duk da haka kullum da safe in na iso kwanar da ke gaban tankin ruwa, sai na danna oda sau biyu, na ɗauke ƙafa daga totur, na yi kamar ina gyara madubi. Can sai ga shi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ma'aikata suna yi masa ihu. Na sha faɗa wurin shugabanni a kan wannan tsayuwar, shi kuwa bai taɓa ce mini na gode ba.

Wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya bar masa wata tsohuwar kwamfuta. Kada mai karatu ya kawo irin ta yanzu a ransa. Allon maɓallai ne kawai mai kauri, a jona shi da tele, wato talabijin, a kuma jona shi da rikoda, domin duk abin da aka rubuta mata a kaset take ajiye shi, kaset irin na waƙa. Baturen ya haɗa masa da tarin tsofaffin mujallu na Faransanci, kuma daga cikinsu Laminu ya koya wa kansa yadda ake ƙera wasa. Ya yi na dara, ya yi na wani raƙumi mai tsallake rijiyoyi, daga baya ya ce ya yi na direban bas. Wannan na ƙarshe ya yi ta roƙona in buga, na ƙi. Na ce masa ni da na wuni a kan sitiyari ba zan dawo gida in sake tuƙi a cikin tele ba, kuma ba ko sisi.

Wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar. Wannan ne abu ɗaya da ya gagari hannun Laminu, domin babu kayan gyaranta ko a Yamai. Ya lulluɓe ta da zane ya ajiye, da kwalin kaset ɗinsa a gefe. Lokacin 'yarsa Ramatu ko tafiya ba ta fara ba.

A shekarunsa na ƙarshe aka buɗe wurin shiga intanet a garin, ya mayar da shi majalisarsa. Ran nan ya same ni ina wanke mota, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

"Idi, ashe ba ni ɗai ba ne!"

"A cikin mi? Makara?"

"Kai, bari. Mutane na nan ƙasashe-ƙasashe, tsohwahhi da samari, har yau suna ƙera sabbin wasanni ma na'urorin da an daɗe da daina yin su."

"Su nawa ne?"

Ya zauna a kan bokitina ya shiga lissafa mini. Na'urar nan mai kaset ɗin roba da yara suke bugawa a kasuwa, ya ce jama'arta ba sa ƙirguwa. Ƙaramar ta hannu ma haka. Cikin tsofaffin kwamfutoci akwai biyu ko uku masu rundunar gaske, har gasa suke shiryawa tsakaninsu. Da na tambaye shi tasa fa, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Namu, in ka tara su duka, ba su cika bas ɗinka." Na ce masa dattijon da zai zauna yana ƙera wasa kyauta wa mataccen inji, ko dai ba shi da aikin yi, ko akwai abin da yake ɓoyewa. Ya yi dariya har da tari. Tarin nan ne ya ɗauke shi bayan shekara biyu, kuma na yi kewarsa fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa.

Abin da ya faru da kaset ɗinsa har gobe yana ci mini rai. Na tafi Tawa duba mahaifiyata lokacin da kawun Laminu ya zo daga Tasawa rabon gado. Dattijo ne mai tsoron haƙƙin marayu, ba ya yarda a saka abu cikin rabo sai an gwada an ga yana aiki. Aka kunna fanka, aka kunna dutsen guga, aka zo kan kwalin kaset. Aka saka na farko a rediyo, sai wata ƙara mai tsinin gaske ta cika ɗakin, ba waƙa ba magana. Aka saka na biyu, haka. Na uku, haka. Babu wanda ya san cewa wannan ƙarar ita ce wasan, haka muryarsa take in ba kwamfuta ce ke saurare ba. Dattijo ya yanke hukunci cewa zafin Arlit ya lalata su, ya ba wani mai sayar da kaset a kasuwa kwalin gaba ɗaya, shi kuma ya ɗora wa'azi da waƙoƙi a kansu ya sayar. Ba wanda ya yi da mugunta. Guda ɗaya ya tsira, wanda aka manta a cikin rikodar. Matar Laminu ta ba ni shi tare da ƙonanniyar kwamfutar kafin ta koma gida, tunda ba mai so.

Bara Ramatu ta zo daga Yamai, inda take karatu, don ta ziyarci kabarin mahaifinta. Ta sauka wurin iyalina. Ta ga kwamfutar a kan kabad, na ba ta labari, ta ɗauki hoto ta saka a intanet ba tare da ta yi shawara da ni ba. Kafin ta koma, saƙo ya iso daga wani dattijo a Turai. Ya ce yana cikin 'yan tsirarun da suka rage a kan wannan na'urar, suna tattara duk wasan da aka taɓa ƙera mata, kuma ba su taɓa jin an yi ko ɗaya a yankinmu ba. Yana roƙon a aika masa kaset ɗin.

Na ce a'a tun kafin ta gama karantawa.

Dalilaina suna da yawa, kuma har yanzu ban janye su duka ba. Na sa ta nuna mini yadda suke auna girman jama'ar kowace na'ura, na ga abin da ya hau intanet kawai suke ƙirgawa. To wa ya ƙirga kwalin Laminu? Turawan da suka yi aiki a nan da mahaƙar Anu Araren ba kwamfuta ɗaya suka bari ba, kuma ba Laminu kaɗai Allah ya ba hannu ba. Wa ya san yawan wasannin da ke kwance ƙarƙashin wa'azi a kaset ɗin tsofaffin motoci tsakanin nan da Asamaka ta bakin iyaka? Saboda haka in an ce mini waccan na'ura jama'arta sun fi na wannan, abin da nake ji shi ne waɗancan sun fi samun wutar da ba ta ƙone kaya, da dangin da suka san ƙarar. Na kuma lura masu ƙaramar runduna sun fi kowa zumuɗi, sai na yi zargin so suke su ƙara ɗaya a lissafinsu, su yi wa manyan gori. In sun karɓa suka goge sunansa fa? In sun buga shi a kwali suka sayar? Wa zan kai ƙara, a wace ƙasa?

Na sha tambayar kaina me Laminu zai ce da yana raye. Na san amsar, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Da tuni ya naɗe kaset ɗin a tsumma ya ba direban farko da ya gani, ko sunan mutumin bai tambaya ba. Zai ga garin ya canza, ramin haƙa ɗaya an rufe, abokanmu da yawa sun kwashe sun koma gida, bas ɗina ma an daɗe da jingine shi. Amma da ya ji cewa mutanen nan nasa, waɗanda ba su cika bas ba, suna nan ba su watse ba, da ya manta da duk wannan. Shi mai yarda ne, ni ne mai tsaron ƙofa, haka muka zauna.

Ramatu ce ta karya ni. Ta ce, "Baba Idi, kai ka ga babana yana aikin nan. Ni ban taɓa ganin komi nasa yana motsi ba. Kaset ɗin nan kuma ba jiranmu zai yi ba, zafi na cin shi kullum." Gaskiya ta faɗa. Shekara da shekaru ina tsaronsa, ban taɓa tunanin cewa a hannuna ma mutuwa yake yi ba.

Na kafa sharaɗi: kaset ba zai fita daga ɗakina ba. Ta rubuta wa mutumin, ya ce ba komai, ƙarar kawai yake bukata, a kunna a rediyo a ɗauka da waya. Saurin amincewarsa ma sai da ya ƙara mini zargi. Muka goge tsohuwar rediyona, na juya zaren kaset ɗin da alƙalamin bik, wato biro, don ya saki jiki, muka rufe tagogi, na kori awaki daga tsakar gida. Na danna. Ƙarar nan da ta sa aka zubar da 'yan'uwansa ta cika ɗakin, Ramatu ta riƙe waya da hannu biyu. Ana dab da ƙarewa sai na ji sautin ya lanƙwashe. Kafin in kai hannu rediyon ta tauna zaren, ta tsinka shi. Na zauna da guntayen a tafin hannuna, zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Ta aika abin da aka samu, ta koma Yamai. Makonni suka wuce shiru, na ce shi ke nan, an karɓa an tafi kamar kullum. Sai da ta dawo hutu ta shigo da waya a hannu. Mutanen sun tayar da wasan, ashe na direban bas ɗin nan ne, har ana iya buga shi a wayar. Allon farko ya fito da manyan haruffa: sunan Laminu, a ƙasa Arlit. Ba su taɓa ko harafi ɗaya ba. Sai dai sun haɗo da ban haƙuri. Sun ce wasan yana tafiya lafiya, bas yana kwasar ma'aikata tasha bayan tasha, amma a tasha ta ƙarshe sai ya tsaya cak, duk maɓallin da aka danna ba ya motsi. Dukansu sun gwada sun kasa. Suna ganin wurin da zaren ya tsinke ke nan, ƙarshen wasan ya tafi.

Na ce ta nuna mini. Ta tuƙa wani ɗan akwati ruwan ɗorawa a kan titi mai launin ƙasa, wasu 'yan sanduna masu ƙafafu suna shiga. Ta kai tasha ta ƙarshe, bas ya ƙame. A gefen titin akwai wani abu mai dogayen ƙafafu huɗu da tulu a kai. Na ƙura masa ido. Tankin ruwa ne.

"Akwai oda a cikin abin ga?"

"Akwai, Baba. Sun danna, ba ta yi komi ba."

"Danna sau biyu. Sannan ki ɗauke hannunki, kar ki taɓa komi."

Ta danna, ta ɗauke hannu. Muka yi ta jira har na fara jin kunyar kaina. Can daga gefen allo sai ga wani ɗan mutum ya ɓullo a guje, yana ɗingishi, da wani ɗigo baƙi a hannunsa. Ya faɗa cikin bas, ƙofa ta rufe, mota ta tashi. Ramatu ta tambaye ni mene ne wannan a hannunsa. Na ce mata takalminsa ne.

Ban zama mai yarda ba saboda wannan. Har yanzu ban san me mutanen nan suke samu ba, kuma lissafinsu na wace runduna ta fi wace bai cika ba, ba kuma zai taɓa cika ba. Abin da na sani shi ne daga dukan aikin Laminu abu ɗaya ya rage a duniya, kuma a cikinsa ya ajiye godiyar da bai taɓa furtawa ba, ya yi ta roƙona in zo in gani ina ƙi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ramatu ta tambaye ni me za ta rubuta wa Turawan. Da farko na ce ta bar su su ɗanɗana jira, ni ma na sha nawa a kwanar nan. Daga baya na ce ta gaya masu wasan bai lalace ba, mutum ake jira.