Launin Inna a Murfin Akwati

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Bala, amma har yau ba na iya buɗe akwatin fentinsa a tsaye, sai na nemi wuri na zauna.

Karatun akanta aka turo shi yi Landan, zuciyarsa kuwa tana wajen zane. A wani shagon tsofaffin kaya a Peckham ya tsinci akwatin. Na katako ne, an sassaƙa furanni a murfinsa, ciki da 'yan guraben da masu zanen zamanin da suke zuba garin launi. Ya kawo shi gidana a Woolwich yana washe baki. Na ce, "Yaya, wannan ai ya girmi kakanmu." Ya ce, "Shi ya sa ban yi wasting time ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Fuskar Inna yake nema. Mahaifiyarmu ta rasu muna nan, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Fentin kanti ya kasa ba shi launin fatarta, sai ya sa aka aiko masa da jar ƙasa da shuni da ƙaro daga gida. Ya daka, ya kwaɓa, yana gwadawa a cikin murfin akwatin. Ranar da ya gama zanen, ban san lokacin da na durƙusa na gaishe ta ba.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Bayan sadakar uku, dattawanmu na nan suka ce hoton mai rai nauyi ne a kan mamaci, a sauƙaƙa masa. Don ƙaunarsa suka faɗa, na sani. Ina cikin mata muna karɓar gaisuwa aka kwashe zanensa kaf, har da Inna. Akwatin aka bar mini, wai katako ne kawai.

Yanzu ba bikin sunan da za a yi a Stratford ba tare da mai bidiyo ba, kuma dattawan nan su ne kan gaba wajen gyara hula. Da Yaya yana nan dariya zai yi, don shi ba ya riƙo. Ni dariyar ta gagare ni. Fuskar Inna ta fara ɓace mini, wanda ya iya dawo da ita kuma ya bi ta.

Kwanan baya 'yata Hauwa ta tambaye ni da Turanci yaya kakarta take. Da babu gara ba daɗi: na buɗe murfin, na nuna mata tabon gwajinsa na ƙarshe, bai fi kan yatsa ba. Ta ɗora bayan hannunta kusa da shi. Launin ɗaya ne.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka samo ta.