Launi Goma Sha Shida

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da shagon Mas'udu, a bakin kasuwar Faskari. Shekara huɗu ina jin ƙarar maɓallan kwamfutarsa yana jin ta kekena, don haka in na ce na san shi ba cika baki na yi ba.

Mutumin wani ƙauye ne can bayan Sabuwa. Ya koyi buga takardu a Ƙanƙara, ya sayi tsohuwar kwamfuta da wata makaranta ta yar, da ita yake buga wa mutane takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Abin da ke ba ni haushi da shi, in ciniki ya lafa ba zai fito mu taɓa hira kamar kowa ba. Sai ya buɗe wata manhajar zane da ta girme shi, ya duƙufa.

Manhajar nan marowaciya ce. Launi goma sha shida kacal take ba ka a hoto guda. Kai za ka zaɓe su, amma in ka nemi na sha bakwai sai ka saki ɗaya. Ni mai zare kala arba'in a durowa, na ce masa wannan wahalar da kai ce. Ya yi dariya, ya nuna min dabararsa. In kana so ja ya narke cikin ruwan goro ba tare da layi ya fito tsakaninsu ba, sai ka cuɗa su ɗigo-ɗigo: nan ja uku ruwan goro ɗaya, gaba biyu da biyu, gaba ɗaya da uku. In ka matsa kusa, tsaba ce kamar gero a faifai. In ka ja baya, sai ido ya ruɗu.

Hoto ɗaya yake yi duk shekarun nan: ƙofar gidansu gab da magariba, rumbu biyu, ɗorawa, da sararin sama. Launi goma ya ba saman shi kaɗai. Ban son yabon mutum a gabansa, amma saman nan ba ka gane inda shuɗi ya ƙare ja ya soma.

Daminar bara 'yan bindiga suka harbe ƙaninsa Gide a gona. Suka tafi da wayarsa, kuma duk hotunan da ya taɓa ɗauka a cikinta suke. Ko katin zaɓe yaron bai yi ba. Ƙauyen ya watse, uwarsu Inna Suwaibatu ta dawo wurin Mas'udu da ƙullin kaya ɗaya.

Wata rana da azahar ta kawo masa abinci ta tarar da hoton a buɗe. Ina bakin ƙofa ina yanke zare. Ta daɗe tana kallo.

"Ga gida," in ji ta, "ina Gide?"

Ta ajiye kwanon abincin, ta ci gaba.

"Huskarshi ta fara ɓace mani. Jiya na runtse ido, kunnuwanshi kaɗai na gani. Ka sa mani shi nan bakin ƙohwa."

Fatar mutum ba ta yiwuwa da launi biyu. Goshi na son nasa, kumatu nasu, ƙarƙashin ido nasa. Babu inda zai samo su sai a launukan saman. Ya cire ɗaya, ya cire biyu, har bakwai, saman ya tsattsage ya koma ratsi-ratsi. Raina ya ɓaci. Na ce ya buɗe sabon shafi mana, ya yi fuskar ita kaɗai.

"Gida ta ce, Malam Tela," in ji shi. "Ba ta ce fili ba."

Mako bakwai ya yi a kai. Masu buga takarda suka gaji da jira suka koma wani shago. Ya rame, idanunsa suka yi ja. Yakan gyara hanci kwana uku, ya goge, ya sake. Da ya gama ni ya fara kira. Fuskar ta yi sumul, haske na gangarowa daga goshi zuwa haɓa, babu layi ko ɗaya. Na ga wani abu a cikinta da bai yi daidai ba, amma na ce ta yi kyau. Sau biyu na taɓa ganin Gide, da wannan na fake. Tsoro ne kawai, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Bayan la'asar ya je ya riƙo hannun Inna, ya zaunar da ita kan kujerarsa. Ta matsa kusa, ya ce ta ɗan ja baya. Ta ja. Ta dubi hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton.

"Mas'udu," ta ce a hankali, "wanga ai kai ne."

Sai ya durƙusa gefenta ya kama linzamin kwamfutar.

"To Inna, hwaɗa mani inda zan gyara. Hancin? Idon?"

Ta ɗaga yatsa ta kai kusa da gilashin. Yatsan ya tsaya kan goshi, ya sauko baki, ya koma ido. Muna jira. Can ta mayar da hannun cikin mayafinta.

"Ban sani ba," in ji ta.