Turakun da Inna ta cusa a murhu

Jiya a Idu na ga masu awon ƙasa suna kafa turaku masu jan kai, sai uwar mijina ta faɗo mini a rai.

Lokacin mulkin farar hula da aka soma gina Abuja, kuɗin mai na ta ambaliya, irin turakun nan aka jera a tsakiyar maƙabartar ƙauyenmu, wai nan titi zai bi. Maza suka yi gum. Ita kuwa kullum da hantsi sai ta ce mini, "Ke, ɗauko kwando." Mu tuge su tas, ta cusa a murhu ta dafa wake. Har yau ina jin ƙaurin fentin nan a hancina.

Rana ta huɗu wani oga ya sauko daga mota yana share gumi. "Mama, aikin gwamnati ne fa. Za a kulle ki."

"Ubana na kwance a nan, da 'ya'yana biyu," in ji ta. "Je ka tambaye su. In sun yarda su tashi, ni ma na yarda."

Titin ne ya kauce, har gobe a karkace yake. Allah ya haskaka kabarinta, ya ba jikokinta ko rabin taurin kanta.