Shekarar da Na Daina Jan Wasaki

Shekara shida ba wanda ya kai bayana ƙasa a filin kokawa, daga Jabo har Dogon Daji. Mutane suna cewa asiri ne, ni kuwa ban taɓa musawa ba, don zancen yana mini daɗi. Gaskiyar magana rijiya ce. Shanunmu sun haura talatin, rijiyar garinmu tana da zurfin tsiya, kuma ni nake jan wasaki, babban gugan nan na fata, kullum safiya har sai saniyar ƙarshe ta ɗaga kai daga kwami.

Sai aka kafa mana famfon sola. Ba wanda ya kai ni murna. Na rataye igiya a zaure, na sayi babur ina kai fasinja Tambuwal. Wuni nake a zaune, in ba kan babur ba to a bencin mai shayi, ina ba da labarin kayen da na yi bara. Na yi ƙiba, fata ta yi sheƙi, masu zuga ni suna cewa na ƙara kwarjini.

Mahaifina tsohon ɗan kokawa ne, ba ya yawan magana. Wata safiya na durƙusa gaishe shi, ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya juya tafin yana murzawa da babban yatsa, yana neman kantar da igiya ta yi mini. Ba ta nan.

"Hannun ga ya yi laushi awa na malamin ofis," in ji shi. "Koma rijiya kafin kaka."

"Baba, kokowa dabara ta, ba jan guga ba."

"Dabarar bisa mi za ta zamna?"

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci. Da aka yanke gero na ɗaga dami ɗaya zan aza a rumbu, sai na ji wani abu ya tsira a ƙuguna kamar ƙaya. Na ajiye damin na zagi wanda ya ɗaure shi. Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi kawai, na ƙaro layu biyu.

Bayan kaka aka sa wasa a Kebbe. Mahaifina bai taɓa fashin kallon wasana ba, amma ranar ya ce zai tsaya wajen shanu. Ko addu'ar da ya yi mini ta fi ta kullum tsawo, kuma tsawon nata ya ba ni tsoro.

Bayan la'asar aka haɗa ni da wani baƙin siriri mai faskaren itace, wanda na taɓa kayarwa sau biyu. Muka yi musabaha. Tafinsa kamar ɓawon bagaruwa. Ganga tana tashi, makaɗi yana kirarina, ni kuwa tafin nan kawai nake ji.

Na shiga masa da dabarar da na saba, na sa ƙafa, na kama ƙugunsa zan ɗaga. Komai ya tafi daidai, sai dai mutumin bai ɗagu ba. Ƙuguna ne ya ba da ƙara. Na ji ta da kunnena kafin zafin ya iso.

Wata huɗu na yi kwance, mai ɗori yana zuwa yana komawa. Na tashi, amma ko tulu ba na ɗauka.

Da bazara famfon ya lalace, shanu suka taru bakin rijiya suna kuka. Mahaifina ya shiga zaure ya sauko da igiyata. Ina zaune a gefen kwami da sanda, ina kallon tsoho yana jan wasaki. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.