Fatsar Pa Nashus a Jirgin Masu Hutu

A Scotts Head, can ƙarshen tsibirinmu na Dominica inda ƙasa ta zura hanci cikin teku, babu wanda bai san Ignatius Laville ba, sai dai in ka kira shi da wannan suna ko waigowa ba zai yi ba. Pa Nashus ake ce masa. Tun yana saurayi yake su, wato kamun kifi, kuma har ya yi furfura ba a taɓa jin ya ce wa ɗan Adam "yi haƙuri" ba. Ya yi faɗa da Fada a kan ƙarar ƙararrawar coci, ya yi da maƙwabci a kan akuya. Marigayiya matarsa ta sha cewa dutse ta aura, aka ɗora masa hula.

Da gwiwa ta ci amanarsa, aka kife kwalekwalensa a gindin kwakwa, sai bakin ya ƙara kaifi. Wadda ta fi ɗanɗana kuɗarta ita ce 'yarsa Merlina, mai aiki a ɗaya daga cikin manyan jiragen nan na masu hutu. Tun tana ƙarama yake fita da ita su, ya so ta gaje shi, ita kuwa ta zaɓi farin jirgi. Duk wanda ya ce masa 'yarsa ma ai a teku take, sai ya ja tsaki ya ce wannan ba teku ba ce, otal ne da aka manta ba a ɗaure ba, aikinta kuwa shimfiɗa wa Turawa gado. Abin yana yi mata ciwo, kowa ya sani, shi ma ya sani.

Shekarar da aka ɗaga ta ta zama shugabar masu gyaran ɗakuna na bene guda, aka ba ta damar gayyato ɗan'uwa ɗaya ya yi tafiya a jirgin. Mu duka mun ce ta ɗauki ƙanwar uwarta ta huta. Ta ce a'a, ubanta za ta ɗauka. A bakin matakalar jirgi ta riƙe masa hannun riga, ta gaya masa a hankali cewa baƙonta ne shi, duk abin da ya aikata a nan ciki sunanta za a kira, kuma muƙamin nan ko zama bai gama yi a kanta ba. Ya ce ya ji, shi ba yaro ba ne. Ƙugiyarsa ta kamun kifi tana soke a bakin hularsa kamar kullum, mai binciken kaya ya ɗauka ado ce. Zaren kuwa yana naɗe a ɗan guntun itace cikin aljihu, yadda wani yake yawo da makullin gidansa.

Washegari ranar teku ce, ranar da jirgi ba ya tsayawa ko'ina, daga safe har yamma sai ruwa. Merlina ta fita aiki tun kafin ya farka. Pa Nashus ya sa rigarsa ta coci ya hau sama neman abin kushewa, bai kuwa sha wahala ba. Ya ga an haƙa tafki a tsakiyar jirgi mutane suna wanka, ga teku guda kewaye da su. Ya ga wasu sun jeru a rana sun shafa mai, kamar kifin da aka yi wa gishiri aka shanya. A wurin cin abinci aka miƙo masa kifi ba kai ba ƙaya, ya ce shi ba ya cin kifin da bai ga idonsa ba. Ya dai ci burodi mai laushi har sau uku, ya sha kofi, ya kuma yarda a ransa cewa kujerar ta fi ta gida daɗi, ko da yake ba zai faɗa ba.

Da rana ta karkata ya gangara neman inuwa, ya ɓulla a wani lungu a bayan jirgin, ƙasa ƙasa, inda babu kowa. A nan ne warin teku ya same shi, na ainihi, wanda ya yi shekaru bai shaƙa ba sai daga bakin gaɓa. Jirgin ya rage gudu. Ciyawar teku tana yawo jere jere, tsuntsaye suna faɗawa ruwa suna tashi. Duk ɗan garinmu ya san abin da ke ƙarƙashin irin wannan ciyawa: dowad, kifin nan mai ruwan zinariya. Wai shi da ya ce ba teku ba ce.

A aljihunsa akwai jatan lande biyu da ya naɗe a takardar goge baki, don dai tsoho ba ya barin abinci a faranti. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Hannu ne ya zare ƙugiya daga hula, ya ɗaura a zare, ya saƙala jatan lande, ya wurga.

Ba a jima ba zaren ya miƙe ya yanki tafin hannunsa. Pa Nashus ya manta gwiwa, ya manta rigar coci, ya manta Merlina. Yana dariya shi kaɗai yana zagin kifin da zagin ƙauna lokacin da wani jami'in tsaro ya dafa kafaɗarsa. Ashe kyamara tana kallonsa tun wurgin farko. Mutumin ya yanke zaren da 'yar wuƙa, ya nemi katinsa, ya duba, ya ce, "Baƙon Madam Laville ne kai?" Sai a lokacin tsoho ya tuna gargaɗin 'yarsa.

Aka bi da shi ta wata ƙofa da masu hutu ba sa shiga. Bayanta babu darduma babu kiɗa, sai dogon lungu na ƙarfe, da zafi, da mutane suna sauri da kwanduna. Labari ya riga su isa. Ya ga 'yan mata masu gyaran ɗaki sun tsaya cirko cirko, ɗaya tana share ido, ya ji ana raɗa cewa Madam za a sauke. Bai taɓa sanin akwai masu kuka saboda 'yarsa ba.

A ofishin mataimakin kyaftin ya same ta tsaye, hannu a baya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Mutumin ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba: ba a jefa komai a ruwa daga jirgin nan, zare yana iya naɗe farfela, kuma laifin baƙo na wanda ya kawo shi ne. Yana da ikon sauke su duka biyu a tasha ta gaba. Merlina ta ce haka ne, ta karɓi laifin, ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba.

Wannan ne ya karya Pa Nashus. Ya cire hula, abin da ko a gaban Fada sai an tuna masa.

"Kap," ya ce, don haka muke kiran duk mai jirgi, "dokar nan na san ta. A kwalekwalena ma in na ɗauki mutum ya yi ɓarna, ni ake tambaya. Yarinyar nan ta gaya min, da bakinta. Ni ne ban ɗauki nan a matsayin jirgi ba, shi ya sa ban ɗauki maganarta a matsayin doka ba. Ni za ka sauke, ko a kan dutse ne. Ka yi haƙuri."

Mataimakin kyaftin ya ce gargaɗi ne, na farko kuma na ƙarshe, ya sa aka karɓe sauran zaren. Ya ƙara da cewa ba don tsohon ya yi ba, don shekarun da ta yi ba a taɓa kawo ƙararta ba ne.

Merlina ta ja shi zuwa wurin shan iskar ma'aikata a goshin jirgi. Rana tana shirin faɗawa ruwa. Ta zaunar da shi, ta buɗe tafin hannun da zare ya yanka, ta shiga goge shi da auduga da ƙarfin da ya fi na magani. Ya daure, ya san ya cancanci wannan.

"Tifi," ya ce, sunan da yake kiranta tun tana 'yar mitsitsiya. "Ke ma ki yi haƙuri. Ba na yau kaɗai ba."

Hannunta ya tsaya. Ta kau da kai wajen ruwa har ta gama abin da za ta yi da idonta, sannan ta juyo.

"Papa, kifin babba ne?"

Ya ware hannuwa iya warewa. Ta ce ƙarya yake, ko ganinsa bai yi ba. Ya ce ido ne ke ƙarya, hannu ba ya yi. Ta yi dariya tana jan hanci, ta ce shi da kamun kifi sai dai in ƙasa ta rufe masa ido, ya ce ai ita ma da ta tambaya ba ta warke ba.

Da ta gama ɗaure hannun ta miƙe za ta koma bakin aiki, sai ya tambaye ta yaushe take fita da safe. Ta ce tun kafin gari ya waye, me ya faru? Ya ce ta tashe shi, yana so ya bi ta ya ga yadda ake yi, in an yarda.

"Sai na nemi izini," ta ce. "In an bari, tawul kawai za ka riƙe min. Ba ka taɓa komai, ba ka kushe kowa."

"To, Kap," in ji Pa Nashus.