Ba-Zama da Farin Soso

Mijin yayata ba a taɓa ganinsa zaune ba. Ko abinci a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, shi ya sa unguwa ta raɗa masa Ba-Zama. Shekara ashirin ina tsokanarsa, ban taɓa kai tsokanar ƙarshe ba. Kafin in rufe baki ya tayar da babur.

Sana'arsa ce ta mai da shi haka. Ƙanƙara yake ɗaukowa yana kai wa masu kifi a kasuwa, kuma wanda hajarsa ke narkewa ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. A kular soso yake zuba ta, farin soson nan mara nauyi da ke murmushewa in an matsa shi. Kula ɗaya ba ta wuce wata biyu a bayan babur, igiya ta ci gefenta, murfi ya tsage. Mai kwasar shara ya ce ba ya ɗauka, don cika masa baro take a banza, masu sayen roba da kwali kuma ko kallonta ba sa yi. Sai Ba-Zama ya samo dabara: ya murmushe ta da hannu, ya watsa a kwatar bayan gida. Da na tambaye shi, ya ce shi da ya tsufa a ƙanƙara ya sani, duk abin da yake fari, in ya ga ruwa narkewa yake.

Shekara goma sha biyu yana aiki da wannan ilimi. Ran nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta toshe, ta amayo komai a tsakar gida. Ko ƙwaya ɗaya ba ta narke ba. Kajin Yaya suka ɗauka hatsi ne ya sauko daga sama. Cikin kwana uku huɗu suka mutu, aka yanka ta biyar da ke layi, aka fasa ƙundunta, ga soso nan cike fal.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora masa ƙundun a kujerar babur.

"Baban yara, ko ni ko soson nan. Gida ɗaya ba zai ɗauke mu ba."

Na ba shi shawara ya zaɓi soso, tunda shi ba ya faɗa. Bai yi dariya ba, don hankalinsa na kan Mai Kifi, wadda rabin ƙanƙararsa ita ke ɗauka. Washegari ya haƙura da kular soso, ya naɗe ƙanƙarar a bargo, ya kai mata ruwan sanyi da ragowar da bai fi dunƙulen hannu ba. Ta ce ita sayar da kifi take, ba kiwonsa ba, balle a kawo mata ruwa. In aka sake, masu babur ba su ƙare a gari ba.

Ya dawo ya kama safa da marwa a ƙofar gida har ya tare wa wani kafinta maƙwabcinsu haske. Kafinta ya gaji, ya ce ya sa ƙaramin kwali cikin babba, ya cusa garin katako tsakaninsu, ya naɗe ƙanƙarar a tsohon buhu. Aka gwada nan take, ta narke. Ba laifin kwali ba ne. Cikin awa ɗaya na ƙirga, sau goma sha bakwai ya buɗe ya leƙa ko tana nan.

"Maigida," in ji kafinta, "kwalin nan ba ya buƙatar komai sai a ƙyale shi. Abin da ba ka iya ba kenan."

Da safe Yaya ce ta ɗaure kwalin da kanta, irin ƙullin da take wa akuya, ni kuma aka ɗora ni a baya in zama ɗan sanda. Sau uku ya tsaya a hanya, wai taya ce yake dubawa, hannunsa na lallaɓawa wajen igiya, ina make shi. A kasuwa ƙullin ya gagare mu mu biyu, sai da Mai Kifi ta sa wuƙarta. Ƙanƙara na nan, gefenta kaɗai ya ɗan zagwanye. Ta ɗaga, ta juya, ta ce gobe ma ya kawo, amma in ta ga garin katako a kan kifinta shi zai cinye.

Yanzu kwalin da ya jiƙe a kan katanga Yaya ke shanya shi, masu sayen kwali su kwashe. Ba-Zama kuwa kullum la'asar yana bakin kwata da tsohuwar rariya, yana tace soson da ya shuka, kafin Yaya ta yarda ta sayi wasu kajin. Karon farko kenan da na gan shi a tsugune, shi ma ƙafarsa na rawa. Ya tara buhu ɗaya da rabi. Tunda gida ba zai ɗauki soson da Yaya tare ba, a shagona ya jibge, kuma har yau daga ni har shi ba mu san inda za mu kai shi ba.